Gurbin Ofelia

Da safiyar Laraba, saura kwana biyu ranar tunawa da matattu, Wilmar mai gadin maƙabartar Cerro Pardo ya tarar da ɗakin matattun ƙungiyar 'yan sanda a buɗe. Ba a fasa kwaɗon ba. An dai kwance ƙusoshi huɗun da ke riƙe da maratayinsa, an jera su a bakin taga. A ciki akwati ɗaya ne kawai babu, na layi na uku, gurbi na biyu daga hagu. Ƙasusuwan Ofelia ne, matar Zenón Camejo mai bin sawu.

Da aka je gaya masa, an same shi a ƙofar gida yana zuƙar mate, shayin ganye na ƙasarsu, a ƙoƙonsa. Ya saurara har ƙarshe, ya ƙara ruwan zafi a kan ganyen, ya shanye, sannan ya tashi neman hula. Ɗan sandan da aka aiko ya koma yana ba da labari cewa ko gezau tsohon bai yi ba. Ba ƙarya ya yi ba. Tun da Ofelia ta rasu, shekara biyu da 'yan watanni ke nan, Zenón bai ƙara jin wani abu ya taɓa shi ba. Yana ci, yana kwanciya, yana ba doki ruwa. Ko a watan Agusta, ranar da aka buɗe babban akwatin gawarta kamar yadda ake yi wa kowa idan ya cika shekara biyu, aka kwashe abin da ya rage a ƙaramin akwatin katako da bai fi na keken ɗinkinta girma ba, yana tsaye yana kallo kamar an kira shi shaida a kan kayan wani.

Shekara talatin da huɗu ya yi yana bin sawun ɓarayin shanu wa hukuma, kuma shekara talatin da huɗu ana cire kuɗin ƙungiya daga albashinsa, yanzu daga fanshonsa. Ƙungiyar kuwa ba ta rowar alkawari. Akwai likitan haƙori, wanda Zenón bai je ba sai da haƙoran suka gama tafiya. Akwai lauya kyauta, da ɗakin hutu a bakin teku wanda ko hanyarsa bai sani ba, da cinyar rago ƙarshen shekara. Duk wannan ko a jikinsa. Abu ɗaya ya sa bai taɓa yin ƙorafin kuɗin ba: gurbi biyu a jere a wancan ɗakin, ɗaya nata, ɗaya nasa. Ofelia ba ta taɓa son wurin ba. Duk shekara idan suka je ziyara sai ta taɓe baki ta ce, "Ni dai ka sa ni a ƙasa, Zenón. Wannan ai kantar mai sayar da magani ce." Shi kuma ya ce an riga an biya, sai ta yi tsaki ta wuce gaba.

Kafin ya isa maƙabarta rabin gari ya riga shi. Kwamishina Bentancur, wanda ya yi ritaya daga aiki amma bai yi ritaya daga ba da umarni ba, shi ne shugaban ƙungiya, yana tsaye a bakin ƙofa fuskarsa ta yi jawur.

"Camejo, ka yi haƙuri. Wannan ba kai kaɗai aka yi wa ba, kakinmu aka ci wa mutunci. Wallahi kafin Juma'a sai an dawo da ita."

"Yallaɓai, a ce su ja baya. Suna taka mini aiki."

Aka kore mutane. Ya shiga ɗakin, ya dubi akwatunan da ke jere bango uku, duk kala ɗaya, girma ɗaya, babu suna ko a kan guda. Ba abin mamaki ba ne. Duk shekara, Litinin ɗin da ke gaban ranar matattu, matan 'yan ƙungiya kan kwance allunan tagullar da ke ɗauke da sunaye, su kai zauren ƙungiya su goge da lemon tsami da toka, a mayar ranar Juma'a da safe suna ƙyalli. Ya daɗe yana kallon gurbin da babu komai, da na kusa da shi wanda ke jiransa. Ya jira ya ji wani abu a ƙirjinsa, bai ji ba, sai ya fita ya sunkuya a kan ƙasa.

Ruwa ya ɗauke jiya Talata da azahar, kuma sawun a kan laka yake, ruwa bai sake dukansa ba. Ke nan bayan azahar aka yi aikin. Takalmi ne babba na 'yan sanda, irin tsohon yayin da aka daina rabawa tuntuni.

"Takalminmu?" in ji Kwamishina. "To ai an gama. Wa bai san irin waɗannan a hannun 'yan fasa-ƙwauri da ɓarayin shanu suke ƙarewa ba?"

Zenón ya ci gaba da aikinsa. Yana bin sawun a hankali, hannunsa a baya. Takun gajere ne, bai dace da girman takalmin ba, kuma dunduniya tana jan ƙasa a kowane taku. Tsakanin ɗakin da ƙofar baya, tafiyar da ba ta kai taku ɗari ba, sau uku aka ajiye akwatin aka huta, ga shatinsa nan a laka. An fita an ja ƙofar, an ɗaure ta da waya, murɗa biyu da lanƙwasa ɗaya. A waje akwai sawun amalanke da na goɗiya marar takalmi, suka hau kwalta suka ɓace.

"Me ka gani?"

"Laka, yallaɓai," in ji shi.

Gari ya riga ya yanke hukunci kashi biyu. Masu kaki sun ce Nery Machado ne, wanda ake kira Bahago, ɓarawon shanun da Zenón ya bi kwana tara har ya kama shi, wanda ya rantse a gaban alƙali cewa sai ya rama. Matan kasuwa kuma sun ce Wilmar ne, wai dama yana sayar wa ɗaliban likita na tsallaken iyaka ƙasusuwa. Ba wanda ya taɓa ganin ɗalibin ko ɗaya, amma wannan bai hana maganar tafiya ba.

Bahago an riga an tsare shi tun hantsi. Zenón ya same shi zaune a kan benci, leɓensa a kumbure.

"A'a, tsoho, kai ma ka zo ka sa naka hannun? Bismillah, ga ɗaya kuncin."

"Tashi ka taka zuwa bangon can ka dawo."

"Rawa ma in kana so sai in yi maka." Ya tashi ya taka. Dogon taku ne, ƙafafu a warwatse irin na wanda ya girma a kan doki. Ya dawo ya zauna. "Ka ji, shekara shida ka sa na ci wake a gidan yari, kuma har gobe ban yafe ba. Amma ni shanu nake sata, masu rai. Ƙashi in yi me da shi, miya? Kuma ko matattun duniya zan kwashe, ban da Doña Ofelia. Duk shekarun da nake ciki, wa kake tsammani ke ɗinka wa 'yata kayan makaranta? Ko sisi ba ta taɓa karɓa ba. Ta ce kar a gaya maka, wai kai katako ne."

Zenón bai san wannan ba. Ya ajiye maganar a ransa kamar yadda yake ajiye komai yanzu, ba tare da ya buɗe ta ba.

Wilmar kuwa a bayan ɗakin kayan aikinsa ya same shi, yana zufa ana sanyi.

"Don Zenón, na rantse da kabarin uwata, ga shi can kana gani, ban taɓa sayar da ko ɗan yatsa ba. Laifina ɗaya, jiya da rana na tafi shagon Turco sauraron ƙwallo. Awa biyu! To uku. Wa ke satar mamaci da rana?"

"Wa ke shiga ɗakin ƙungiya?"

"Ni, da mata masu goge alluna, da Saje Pintos. Tun da aka sa kwaɗo bara, sai mai katin da ya cika biya. Ni ko layi na ukun nan rabona da taɓa shi tun watan Agusta da aka sa ni na yi canji."

"Wane canji?"

Wilmar ya yi tsuru-tsuru. Ya goge wuya da hula.

"Ai na ɗauka ka sani. Ɗakin ya cika maƙil. Da za a kawo matarka, ba fanko gurbin yake ba."

"Wa ke ciki?"

"Yaron nan Fagúndez. Edison. Wanda ruwa ya ci."

Zenón ya san Edison Fagúndez sarai. Shekara tara da suka wuce, a babbar ambaliya, ɗan sanda ne sabon shiga da ya tuɓe takalmansa a bakin rafi ya faɗa ya fito da mutum biyu, ya koma ɗauko na uku bai dawo ba. Zenón ne ya bi gaɓar rafin kwana huɗu har ya samo gawar. Shi ne kuma ya ɗauki takalman da yaron ya bari a bakin ruwa, ya kai wa uwarsa da hannunsa.

"Yanzu yana ina?"

Wilmar ya nuna da haɓa. Can ƙarshen maƙabarta akwai rijiyar ƙasusuwa mai murfin ƙarfe, inda ake kai waɗanda ba mai biya musu.

"Da akwatinsa?"

"Ba a sa akwati a rijiya, Don Zenón. Juyewa ake yi."

Saje Pintos, sakataren ƙungiya, mutum ne mai tsabta, wanda ke goge tebur kafin ya ɗora gwiwar hannu. Da Zenón ya ambaci sunan Fagúndez bai ko ruɗe ba, doka ya jawo.

"Sashe na goma sha tara. In memba ya rasu, iyalinsa ke ci gaba da biyan rabin kuɗin wata don riƙe gurbi. Shekara uku ba a biya ba, gurbi ya dawo hannun ƙungiya. Ba ni na rubuta ba, da kai aka ɗaga hannu aka amince."

"An sanar da uwarsa?"

"An aika mata wasiƙa. An ba ta zuwa ƙarshen Nuwamba ta biya ko ta zo ta ɗauke shi."

"Yaushe aka aika?"

Saje ya gyara zaman alƙalaminsa. "Farkon wannan watan."

"Ka juye shi a rijiya a Agusta, ka rubuta mata a Oktoba cewa tana da sauran lokaci."

"Haba, Camejo! Matar da ba ta taɓa amsa wasiƙa ba? Ƙa'ida ce kawai a cika takarda. Ga ni da memba mai shekara talatin da huɗu bai taɓa fashin wata ɗaya ba, matarsa tana jiran wuri, in ajiye ta a ina, a kan teburina? Don kai na yi. Maimakon godiya."

"Na gode," in ji Zenón, ya sa hularsa.

Washegari da sassafe ya ɗaura sirdi. Gidan Doña Celmira Fagúndez tafiyar awa biyu ce a kan doki, bayan an bar kwalta an bi ta cikin makiyayar mutane. Bai ma buƙaci sawu ba, amma sawun yana nan: amalanke, goɗiya marar takalmi. Ƙofar shinge biyar ya wuce, kowace an ɗaure ta da murɗa biyu da lanƙwasa ɗaya. A bakin ƙofar ɗakin girki ga takalman nan a jere, lakar maƙabarta ta bushe a jikinsu, an cusa tsumma a ciki don su zauna a ƙaramar ƙafa.

Tana bayan gida, ƙarƙashin bishiyar lemo, 'yar tsohuwa siririya cikin baƙar riga. A gabanta ƙasa ce sabuwar tonawa, an kewaye ta da fararen duwatsu, an dasa furanni, ga gwangwanin ban ruwa, ga kujera. Ta ɗago ta gan shi, ba ta razana ba.

"Don Zenón. Dama na ce in za a turo, kai za a turo. Sauko, ruwa yana kan wuta."

Ya sauko. Ta kawo wata kujerar, ta cika ƙoƙo ta miƙa masa. Ya zauna taku biyu daga inda matarsa take.

"Ni ka zo ɗauka, ko shi?"

"Zuwa na yi in gani, Doña."

"To gani. Ban fasa musu komai ba, ƙusoshinsu ma na jera musu. Shekara shida ina biya, da ƙwai da cuku nake haɗawa. Da idona ya fara mutuwa kajin suka ƙare. Bara na je gaishe shi na tarar da kwaɗo, aka ce sai mai kati. Ɗana yana ciki, ni ina waje, wai kati! Sai ga wasiƙa, malamar makaranta ta karanta mini, wai za su zuba shi a rijiya. Yaron da ruwa ya ci, a sake jefa shi a rijiya?" Ta girgiza kai. "Na je na tarar duk sun cire sunayen. Na ce ku cire, ni uwa ce. Layi na uku, na biyu daga hagu. Ko a makance zan je wurin."

"Kin buɗe?"

"Allah ya kiyaye. Na naɗe shi dai a bargon aikinsa, saboda ƙasar nan da sanyi." Ta karɓi ƙoƙon ta sake cikawa. "Abin da ya ba ni mamaki, rashin nauyi. Ƙato fa, ka san shi, sai ya sunkuya yake shiga ƙofar nan. Amma da na ɗauka sai na ji kamar ba shi ba. Haka mutum ke komawa, ko?"

Nan ne wurin faɗa. Zenón ya san haka, har ya buɗe baki. Maganar a shirye take, gajera ce: ba ɗanki ba ne, matata ce, naki yana rijiya tun Agusta cikin ɗaruruwan mutane, ba mai iya tsince shi har abada. Yana faɗa, za ta tashi ta ɗauko shebur da kanta, don ya ga irinta. Gobe Ofelia ta koma gurbinta, allonta yana ƙyalli, nasa yana jira a gefe.

"Haka yake komawa," in ji shi.

"Daren jiya da shekaranjiya na yi barci har rana ta fito. Rabona da haka tun ambaliya." Ta sunkuya ta cire wani ɗan haki daga cikin furannin. "Da yamma nan nake zama in ba shi labari. Ba ya amsawa, amma dama can shi ba mai magana ba ne."

Ofelia kuwa mai magana ce, har cikin barci. Ya dubi ƙasar, baƙa, mai danshi, inuwar lemo tana yawo a kanta. Ya miƙe ya ce zai koma, akwai wanda aka tsare a kan wannan maganar.

"Wayyo! A kaina? To tsaya in ɗauko mayafi."

"Zauna, Doña. Yau zai kwana a gidansa."

Da la'asar ya sa aka tara su a zauren ƙungiya: Kwamishina, Saje Pintos, Wilmar, da Bahago wanda aka kawo da ankwa. Allunan tagulla suna shimfiɗe a kan dogon tebur, an gama goge su, zauren duk ƙamshin lemon tsami. Zenón ya ce ɗan sandan da ya kawo Bahago ya jira a waje, ya rufe ƙofa.

"Wanda ya ɗauki akwatin ba ya kai kilo hamsin," in ji shi. "Sau uku ya huta kafin ƙofar baya. Bahago yana saɓa ɗan maraƙi ya yi gudu da shi, na gani da idona. Kuma bai taɓa rufe ƙofar shinge a bayansa ba tun da aka haife shi."

"Wannan gaskiya ne," in ji Bahago.

"Wilmar yana da mabuɗi. Mai mabuɗi ba ya kwance ƙusa. A cire wa wannan ankwa."

"To wane ne?" Kwamishina ya buga tebur, allunan suka yi ƙara.

Zenón ya faɗa musu duka, da murya ɗaya, kamar mai karanta rahoton ɓatan saniya. Takalman, da wasiƙar, da watan da aka juye Edison Fagúndez, da watan da aka rubuta wa uwarsa. Da ya zo nan Kwamishina ya juya ya dubi Saje Pintos, kallon da ya sa Saje ya shiga goge teburin da ba nasa ba.

"Yaron da muka ba lambar yabo," in ji Kwamishina a hankali. "Ni na yi jawabi a kan gawarsa." Sannan shugaban ƙungiya ya dawo jikinsa. "To. Abin da ya faru ya faru. Gobe da asuba a tura mota a tono matarka, a yi wa tsohuwar bayani cikin lalama."

"Ba wanda zai je."

"Camejo, matarka ce fa."

"Na sani, yallaɓai. Ga abin da za a faɗa wa gari. Kuskure aka yi saboda an cire alluna. Akwatin da aka ɗauka na Edison Fagúndez ne, uwarsa ta ɗauke shi kafin wa'adi, kamar yadda wasiƙar ƙungiya ta ba ta dama. Ofelia tana nan, a wani gurbin aka sa ta aka manta. Wilmar, kana da akwati fanko?"

"Akwai… akwai nasa ma. Na Edison. Ban yar ba."

"Ka sa shi a gurbin, a ɗaura allonta."

"Wannan ƙarya ce a rubuce!" in ji Saje Pintos. "Ni ba zan sa hannu…"

"To sai a faɗi gaskiya a rubuce," in ji Zenón. "Gobe, a maƙabarta, gaban matan da suka goge allunan nan. Kowace ta je ta lissafa wata nawa mijinta zai yi a gurbinsa bayan ta kasa biya."

Kwamishina ya dubi Bahago, ya dubi Zenón.

"Wannan fa? Ɓarawo za ka ba amanar ƙungiya?"

"Shekara shida ana tambayarsa su wa suka taya shi kora shanun, yallaɓai. Ka taɓa jin suna ɗaya?"

Bahago yana murza wuyan hannunsa inda ankwa ta ci. Bai yi dariya ba wannan karon. "Tsoho, ka san abin da kake yi kuwa? Ranar da ka mutu, kusa da fankon akwati za su ajiye ka."

"Na sani."

"To gurbin naka," in ji Saje da ƙaramar murya, don shi ko a gaban mutuwa sai ya cika takarda, "a ci gaba da cire kuɗinsa?"

"A ci gaba. A kuma soke sashe na goma sha tara."

Kwamishina ya jawo aljihun teburin Saje ya ciro allon da ke ɗauke da sunan Edison Fagúndez, wanda ke ciki tun Agusta, ya juya shi a hannu. Ya ce za a duba a taro mai zuwa. Zenón ya san irin wannan dubawar.

Ranar Juma'a maƙabarta ta cika. An mayar da alluna, ɗakin ƙungiya yana walƙiya. Mata suka riƙa zuwa suna riƙe hannunsa, suna cewa Allah ya rufa asiri da ba ita ba ce, suna ajiye furanni a gaban layi na uku. 'Yar Bahago ma ta zo da nata. Ya tsaya iya abin da ya kamata, ya yi godiya, sannan ya koma gida ya yanko reshen farin furen da Ofelia ta dasa a bakin taga, ya naɗe a jarida mai danshi, ya hau doki.

Doña Celmira tana kan kujerarta. Ya miƙa mata furen.

"Na kawo wa Edison."

"Kai, Allah ya yi albarka. Ka ga duk abokan aikinsa, kai kaɗai ka tuna. Sa masa da hannunka, ka gaishe shi, yana ji." Ta dafa gwiwa ta miƙe. Sai ta tsaya, ta nuna masa gefen fararen duwatsun, inda aka kafa 'yan turaku huɗu aka ja zare. "Ka ga nan? Nawa ne. Jiya na auna, ya ishe ni har da saura. Ba ni da kowa, Don Zenón, kai nake roƙo. In lokacin ya yi kar ka bari su kai ni gari. Nan kusa da shi, kafaɗa da kafaɗa. Ka yi mini alkawari?"

Ya dubi wurin da zaren ya kewaye. Daidai tsawon mutum ne, a hannun dama, gefen da yake kwanciya kusa da Ofelia shekara arba'in da ɗaya.

"Na yi alkawari. Wuri ne mai kyau."

Ta tafi ɗora ruwa, takalman suna jan ƙasa a bayanta. Zenón ya cire hula ya durƙusa, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya kwance jaridar, ya jera furen tsakanin duwatsu. Da ya dafa ƙasar don ya tashi sai ya ji ta da ɗumi, rana ta gasa ta tun safe. Bai tashi ba.

"To ga ƙasar, Ofelia," in ji shi. "Kin samu."

Sai abin ya zo masa gaba ɗaya, na shekara biyu da watanni, tun daga ciki har maƙogwaro, ya kife a kan hannuwansa yana kuka kamar ba shi ba. Daga ƙofar ɗakin girki tsohuwar ta leƙo da buta a hannu, ta gan shi, ta koma ciki a hankali don ta ba shi wuri. Ba ta taɓa sanin yana ƙaunar ɗanta haka ba.